Na karɓi kuɗin mutane, labari kuma ya tsaya mini a shafi na 47

Anti, barka da war haka. Ni malamar firamare ce a Zariya, shekaruna 31, da aurena da yara uku. Shekara huɗu ke nan ina rubuta littafi a waya. Biyun farko kyauta na sake su, na uku na mayar da shi na kuɗi, Allah kuma ya sa ya karɓu. Wanda nake kai yanzu shi ne na huɗu. Mutum 240 suka biya naira 500 kowacce suka shiga zaurena na WhatsApp, na yi musu alkawarin shafi ɗaya kullum ban da Juma'a. Ina kaiwa shafi na 47 labari ya ƙi gaba. Yau kwana tara ke nan, sai in ɗauki waya in rubuta layi uku in goge. Masu karatu sun fara habaici, wata ma ta ce in dawo mata da kuɗinta tunda 'yar damfara ce ni. Ga wata a cikinsu da ban san ko wace ce ba tana kwashe shafukan tana rabawa kyauta. Kwanan nan kuma na ji wani yana karanta littafina na uku a YouTube, ko sunana bai ambata ba. A gida maigida ya fara cewa shi dai waya ya aura, faccalata kuma ta daina amsa gaisuwata wai da ita nake a labarin.

Amma Anti, ranar da shafi ya fito yadda nake so, ba abin da ya kai shi daɗi. Akwai wadda ta kira ni daga Maraɗi tana kuka, ta ce kamar a ɗakinta na zauna na rubuta. Shi ya sa na rasa abin yi. In ajiye koyarwa in rungumi rubutu gaba ɗaya, ko in bar rubutun in huta wa raina?

Ƙanwarki a Zariya

Ƙanwata, cikin biyun nan kada ki yi ko ɗaya. Kuma ba su ne abin gaggawa ba. Abin gaggawa shi ne mutum 240 ɗin nan da kika bari suna leƙa waya safe da yamma, kin yi musu shiru kwana tara.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wadda ta kira ki 'yar damfara ta yi rashin ladabi, amma tana bin ki bashi, kuma shirunki ne ya ba ta bakin magana. Yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki shiga zauren ki rubuta musu magana gajera: labari ya tsaya miki, ba za ki ba su shafin da ke kanki ba ki gamsu da shi ba, za ki dawo ran kaza ga wata kaza, wadda kuma ba za ta iya jira ba ta turo lambar asusunta a mayar mata da kuɗinta. Ki ɗauki sati uku, kada ki ce kwana uku don ki burge su. Kada ki ƙirƙiro ciwo ko rasuwa, na ga marubutan da suka kashe kakanninsu sau biyu-biyu a zaure ɗaya. Wadda ta nemi kuɗinta ki tura mata a ranar, ki cire ta ba tare da musayar yawu ba. A sanina da masu karatu, kaɗan ne za su karɓa. Ba ɗari biyar ɗinsu ce ta dame su ba, so suke su san ko jarumar labarin za ta koma gidan mijinta.

To, me ya tsayar da labarin? Ban karanta shi ba, amma na san ciwon, don na yi jinyarsa a jikina na kuma ga ƙanne da yawa sun kwanta da shi. Baiwarki ba ta ƙare ba. Tsarin da kika ɗora wa kanki ne, na a rubuta da dare a saki da safe, ya kai ki inda yake kai kusan kowa. Mai wannan tsari ba ta da damar komawa baya. Idan a shafi na 12 kin sa jarumar ta yi rantsuwar da bai kamata ta yi ba, shi ke nan, mutum 240 sun riga sun karanta, dole ki yi ta jan kuskuren nan kamar jela har ƙarshen littafi. Sannan ga sharhi. Kina sakin shafi, kafin ki gama wanke-wanke saƙo hamsin ya shigo: a kashe kishiyar nan, a haɗa ta da yayan ƙawarta, don Allah kada a raba su. Ke kuma 'yar'adam ce, kina son a ce kin iya, sai ki ɗan karkata nan, ki ɗan karkata can. Wata rana ki farka ki tarar labarin da ke hannunki ba naki ba ne, na kwamiti ne, kuma ba ki san inda ya dosa ba.

Saboda haka ga aikin satin farko. Ki ɗauki shafukan nan 47 ki karanta su a jere daga farko, abin da na tabbata ba ki taɓa yi ba tun da kika fara. Ki riƙe biro da littafin rubutu irin na ɗalibanki, ki riƙa rubuta abin da ya faru a kowane shafi cikin layi ɗaya. Za ki ga inda kika saki hanya, galibi shafi goma ko goma sha biyar kafin inda kika tsaya, kuma galibi wurin da kika bi son masu sharhi ne. Za ki kuma ga mutanen da kika shigo da su kika manta, da alkawuran da labarin ya ɗauka bai cika ba: wasiƙar da aka ɓoye a ƙasan akwati, kawun da ya tafi Legas ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sau da yawa mafitar tana wurin waɗannan da aka manta. Bayan nan ki tsallake komai ki rubuta shafin ƙarshe. Ina jarumar take zaune a ranar, da wa, me ta samu, me ta rasa wanda ba zai dawo ba? Idan kin san tashar da za a sauka, tsakanin 47 da can ya zama lissafi. Ke malama ce, kin san ba a shiga aji ba tare da tsarin darasi ba, amma kin shiga littafi mai shafi tamanin da bismilla kawai.

Kuma a sati ukun nan ki yi rubutun a takarda. Na san za ki ce aiki biyu ne, a rubuta sannan a buga a waya. Haka ne, aikin na biyun shi ne gyaran da littattafanki ba su taɓa samu ba. Wayarki ita ce teburin aikinki, ita ce kuma kasuwar da ake zaginki da yabonki, ba wanda zai iya tunani a tsakiyar kasuwa.

Lokacin da mu muka fara, a shekarun 1990, ba a san wannan azabar ba, tamu daban ce. Sai ka gama rubutu a littafin makaranta, ka kai wa mai keken rubutu ko mai kwamfuta, ka tara kuɗin takarda da na bango, a buga maka kashi na ɗaya, ka kai wa dillalan littattafai a Kasuwar Sabon Gari da wajejen Bata a Kano. Ni da kuɗin adashina na buga na farko. Wani dillali ya karɓi kwafi masu yawa bashi, ya yi ta ba ni kuɗin a gutsuttsure, yau na mota gobe na cefane, har na daina lissafi don kunya. Masu shagon haya kuma su sayi kwafi ɗaya unguwa guda ta karance shi, kai marubuci ba ka ga ko kwabo ba. Ba zan ce miki zamaninmu ya fi naku ba, ƙarya ne. Ke ba ki sayen takarda, wadda daga waje ake shigo da ita tun da masana'antun Jebba da Iwopin da Oku Iboku suka durƙushe, kuɗinta kuma ya ƙara tashi bayan faɗuwar naira a 2023. Kuɗinki yana shigowa asusunki kai tsaye, ba dillali a tsakani. Abu ɗaya kawai muka fi ku: ko kashi na ɗaya ne, sai mun gama shi mun karanta mun gyara kafin wani ya gani. Shi nake so ki ara. Daga littafi na biyar, kada ki karɓi sisin kowa sai kin rubuta aƙalla kashi biyu cikin uku, kin kuma san ƙarshensa. Dogon hutun ƙarshen shekarar karatu ki mayar da shi lokacin rubutu, watannin makaranta su zama na gyara da saki. Sannan sau uku a sati ya isa. Ba wanda ya saukar da dokar kullum.

Yanzu batun ajiye aiki. Zo mu yi lissafi da alƙalumanki. Mutum 240 sau 500, naira 120,000 ke nan. Littafin da ya kai shafi 47 bai ƙare ba zai kai tamanin, a shafi shida a sati kuwa wata uku ne da 'yan kai. Kin ga bai cika 40,000 a wata ba, tun kafin a cire data da kuɗin caji ranar da ba wuta, kafin kuma a lissafa watannin da ke tsakanin littafi da littafi, waɗanda ba abin da ke shigowa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ban san nawa kike ɗauka ba, ban kuma ce ana biyan malamai yadda ya kamata ba, amma albashi yana zuwa a watan da kika yi rashin lafiya, yana zuwa a watan da kika haihu, yana zuwa a watan da labari ya tsaya a shafi na 47. Ajiye aiki don rubutu sakin reshe ne a kama ganye.

Kada ki ɗauka riƙe aiki alama ce ta cewa ke ba cikakkiyar marubuciya ba ce. Ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun malaman makaranta ya fara, kuma a garinku aka karɓi haihuwarsa. Gasar rubuta labarai da Baturen jami'in ilimi Rupert East ya shirya a 1933 daga ofishin fassara na Zariya, da yawa cikin waɗanda suka amsa kiranta masu riƙe da alli ne. Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malami a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Imam ɗin ma da ya bar aji ba zaman ƙaga labari ya koma ba, aikin jarida ya kama, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Cikin tsararrakina da suka yi tashe a Kano, da kasuwar littafi ta yi sanyi bayan shigowar finafinai sannan waya, wasu sun koma rubuta labarin fim, wasu rediyo, wasu kasuwanci. Waɗanda rubutun littafi kaɗai ya riƙe har yau, da wuya ki ƙirga su ki cika yatsun hannu.

Akwai kuma wani amfani na albashi da ba a cika faɗa ba: yana kare alƙalami. Wadda tukunyarta ta dogara da yawan masu shiga zaure, dole ta rubuta abin da ke cika zaure, kin kuma fi ni sanin irin abin da ke cika shi da sauri a yanzu. Na ga yara masu basira sun faɗa rubutun batsa ba don suna so ba, don kuɗin haya ya zo. Ke kina da ikon cewa a'a, saboda ƙarshen wata yana zuwa ko an saya ko ba a saya ba. Ajin nan kuma da kike gani kamar yana cinye miki lokaci, rumbu ne. Uwar da ta zo roƙon a ɗaga mata kuɗin jarrabawa, yarinyar da ta daina zuwa aka ce an sa mata rana, hirar ofishin malamai lokacin tara: marubuciyar da ta kulle kanta a ɗaki da waya, bayan littafi biyu sai ta fara rubuta attajirin saurayi mai jirgin sama, don ba ta ganin kowa.

Sata kuwa, gaskiya ba za ki iya hana ta gaba ɗaya ba. Abin da ya shiga wayar mutum 240 ya fita daga hannunki. Amma ana rage ta. Ki raba masu biya zaure uku ko huɗu, a kowane shafi ki canza kalma ɗaya ko sunan wani ɗan aike daga zaure zuwa zaure. Ranar da na sata ya dawo hannunki, kin san daga wane zaure ya fita, sai ki sake raba wannan ɗin, a hankali za ki ƙure ta. Ki riƙa sa sunanki a tsakiyar shafi ba a sama kawai ba, don masu kwashewa kai da gindi suke yankewa.

Na YouTube ya fi sauƙin kamawa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare rubutunki daga lokacin da kika rubuta shi, ba sai kin yi rajista ba, kuma karanta shi da murya a watsa wa duniya ba da izininki ba yana cikin abin da ta hana. Ki fara yi masa magana ta lalama: ko ya sauke, ko ku yi yarjejeniya a rubuce ya biya ki ya kuma sa sunanki. Da yawansu sukan yarda, domin YouTube yana da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, kuma tashar da ta tara gargaɗi uku tana iya rasa kanta gaba ɗaya. In ya ƙi, ki cike fom ɗin. Sai dai ki sani ana neman sunanki na gaskiya da adireshi, kuma wanda kika kai ƙara zai iya ganin sunan da imel ɗin da kika bayar, don haka in da sunan alƙalami kike rubutu ki yi shawara da maigida tukuna. Hujjarki ita ce kwanan watan da kika fara sakin shafukan. Daga yau duk shafin da kika gama ki tura wa kanki ta imel. Wannan ya zama shaida, ya kuma zama ajiya ranar da waya ta faɗa ruwa ko masu ƙwace suka yi gaba da ita. Kada ki amince wa wata manhaja ita kaɗai ta riƙe miki aikinki. Manhajar OkadaBooks ta yi shekaru tana sayar da littattafan 'yan Najeriya, har da na Hausa masu yawa, a ƙarshen Nuwamban 2023 ta rufe.

Ki kuma nemi 'yan'uwa marubuta waɗanda ba masu yabo ba ne. Mutum biyu da za su karanta aikinki kafin ya fita su ce miki nan ya yi tsawo, nan ba a yarda ba, sun fi miki masu tura hoton wuta ɗari. Ƙungiyar marubuta ta ANA tana da rassa a jihohi, ga kuma sashen harsunan Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello a ƙofar gidanki. Gasar gajerun labarai ta Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla ita ma ki gwada ta, ko ba ki ci ba. Wadda ta saba jan labari shafi tamanin, ranar da aka ce ta gama shi cikin 'yan shafuka za ta gane kalmomi nawa take zubarwa a banza.

Maigida yana da gaskiya, kuma ina zargin kin sani. Mai koyarwa da safe, girki da yara da yamma, yaushe take rubuta shafi guda kullum in ba daga bayan isha'i zuwa ɗayan dare ba? Wato lokacinsa kika ɗauka kika ba zaure. Mutumin da ya faɗi damuwarsa cikin wasa, wai waya ya aura, bai kai ga fushi ba tukuna, ƙofa ya buɗe miki. Ki zaunar da shi ki nuna masa abin da ya shigo da inda ya tafi, ki gaya masa ranakun da za ki riƙa rubutu da sa'o'in, sauran dararen kuma waya ta kwana a falo. In kin koma sau uku a sati, rabin wannan rigimar ta mutu da kanta. In da hali ki karanta masa shafi ɗaya ki tambaye shi ko namiji zai faɗi abin da jaruminki ya faɗa. Za ki sha mamakin gyaran da zai yi miki, mazan littattafanmu da yawa ba su yi kama da kowane namiji da ke numfashi ba.

Saura faccala. Tsakaninki da Allah, da ita kike ko ba da ita ba? Dukanmu muna ɗiba daga mutanen da ke kewaye da mu, ba daga sama labari ke faɗowa ba. Amma akwai bambanci tsakanin ɗaukar hali da ɗaukar mutum sukutum da yawan 'ya'yanta da sana'arta da irin maganarta, yadda duk dangi za su karanta su kalli juna. In haka kika yi, kin ci amanar zama tare, kuma tunda an riga an saki shafukan, abin da ya rage shi ne a sauran littafin ki ba matar nan ta labari dalilinta da ranar kirkinta, wanda dama zai ƙara wa littafin kyau. In kuwa ba da ita kike ba, to kin shiga sahu, kowane marubuci yana da ɗan'uwan da ya ga kansa a mugun labari, ban taɓa jin wanda ya ga kansa a na kirki ya zo godiya ba. Ko ta wace fuska, ke za ki taka ki je. Ki riƙe ɗan abin hannu na yara, ki gaishe ta, ki zauna ki sha ruwa, kada ki ɗauko zancen littafi. In ita ta ɗauko, ki saurare ta har ta gama, ki ba ta haƙuri kan abin da ya sosa mata rai. Sai dai a zuciyarki ki duba jerin mutum 240 ɗin nan ko da sunanta a ciki, don in babu, kin samo bakin zaren mai raba miki shafuka kyauta.